Sharhi: Buwat ya mutu, mai sayarwa ya ce babu ruwansa. To ina garantin ya shiga?



Duk mai bin hanyar da ta haɗa ƙauyukan Guna da birnin Damagaram ya san da wuya ranar Alhamis, ranar cin kasuwar Dole, ta wuce ba a ga wata Hiyas ko wata Sharon a gefen hanya ba, an jera ganyaye a bayanta, yaron mota na kwance a ƙarƙashi. In taya ce ko batir, kafin la'asar an tashi. In kuwa aka ce buwat ne, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira giyabos, to magana ta girma. Bayan inji babu abin da ya kai shi tsada a jikin mota, kuma shi ya fi haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa.

Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani ɗan gida da ke neman kuɗi a Libiya, ko Aljeriya, ko Legas, ko Makka, ya tara guminsa na shekaru ya aiko ta Nita ko Amana, ya ce a sayi ƙaramar motar haya, ƙane ya riƙa ja, gida ya samu na cefane. Aka je wurin masu sayar da motoci a Damagaram, ko Maraɗi, ko Yamai, ko Kano. Aka yi ciniki aka sallama, mai mota ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji je ka da ita, na ba ka garanti." Bayan sati uku ko wata biyu giya ta fara zamewa, in an sa baya sai ta yi jim kafin ta kama, rannan ta tsaya cak. Aka ɗaura igiya aka ja ta zuwa garaji, makaniki ya sauke buwat ya warware shi a kan buhu. Sai a lokacin aka tuna da lambar wayar mai sayarwa. Amsarsa kuwa an san ta: ko kun yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ko kun zuba man da ba nata ba, ko kuma tunda kun buɗe, garanti ya faɗi. Shi kuma na can waje, da bai ga komai da idonsa ba, sai zuciya ta fara raya masa ko dai gwangwani aka saya masa aka cinye sauran kuɗin. Wannan shi ya fi damun mu, don buwat ana samun wani a kasuwa, amma wa da ƙane in suka daina ɗaukar wayar juna a kan mota, shekaru ake yi ana gyara.

A ganinmu yawancin masu irin wannan rigima sun riga sun faɗi tun kafin su je gaban kowa, kuma a ranaku biyu suka faɗi: ranar da aka sayi motar, da ranar da ta fara ciwo. Abin takaicin shi ne da yawansu suna da haƙƙi a doka, ba su sani ba ne kawai.

Kalmar garanti ita ta fara ruɗa mu, don abubuwa uku daban-daban muke kira da suna ɗaya.

Akwai garantin kamfanin da ya ƙera motar, kuma shi ne na waje suka sani, shi suke nufi in suka bugo waya suna tambaya, "Ba ta da garanti ne?" Wanda ya sayi Toyota sabuwa dal a wurin wakilin kamfanin a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, galibi ana ba shi shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. A Amurka kamfanin na tsaya wa inji da buwat har shekara 5 ko mil 60,000. To mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa a duk faɗin Guna ya taɓa cire ledar sabuwar mota? Motocinmu okaziyo ne, kuma okaziyon ma tsoho. Sharon ɗin da ake ta jigila da ita, sunanta na asali Volkswagen Sharan, tun 1995 aka fara ƙera ta a Fotugal, inda aka ƙera har da ƴan'uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka sauka a Afirka. A wannan shekarar kuma masu binciken gwamnatin Holand suka duba motocin da ake lodawa daga tashoshinsu zuwa Afirka, suka tarar yawanci sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma yawanci ba su da takardar bizit teknik mai rai. Ke nan garantin kamfani ya mutu tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Dokar Turai da ta wajabta wa mai shago tsaya wa kayansa ma tana kare ɗan ƙasa ne da ya saya don amfanin kansa, ba ta biyo motar da ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan kasuwa don a fitar.

Kuma ko a can ɗin, kar a ɗauka kamfanoni na miƙa wuya da sauƙi. Honda Odyssey, wata ƙaramar motar iyali irin Sienna, ta yi ƙaurin suna a Amurka kan mutuwar buwat a farkon shekarun 2000. Sai da koke ya yi yawa kamfanin ya tsawaita garantin buwat na wasu daga cikinsu zuwa shekara 7 ko mil 100,000, a 2004 kuma ya kira dubban ɗaruruwan motoci gyara kyauta saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana ɗaukar zafi. 

Na biyu shi ne garantin baki, wanda mai sayarwa ke bayarwa yana dafa ƙirji. Ba za mu ce banza ne ba, don akwai masu sayar da motoci da suka riƙe mutuncinsu shekara da shekaru a kan maganar bakinsu. Matsalarsa ita ce ba shi da iyaka. Garanti na kwana nawa? A kan inji kaɗai ko har da buwat? In ya lalace, canzawa za a yi, ko gyara, ko raba kuɗi? Kuɗin hannun makaniki fa, da jan mota daga daji? Mai saye a ransa yana jin wata shida ne kuma komai da komai. Mai sayarwa a nasa ran yana nufin motar ba ta sata ba ce, takardun duwan ɗinta na gaskiya ne, kuma za ta kai ka gida yau. Kowannensu na iya rantsuwa bai yi ƙarya ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika sani ba, kuma shi ya fi ƙarfi: garantin da doka ta ɗora wa mai sayarwa ko bai furta komai ba. Kundin dokokin zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, daga aya ta 1641 zuwa gaba, ya ce mai sayarwa shi ke da alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa, ko ya rage amfaninsu har ta kai da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗin ba. Mai saye na da zaɓi: ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta a rage masa wani abu. In mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, sai ya ƙara da biyan hasarar da ya jawo. Cewa "na sayar yadda take" na iya wanke wanda bai sani ba, amma ba ya wanke wanda ya sani. Sai dai dokar ba ta kare mutum daga aibin da ke fili wanda da ya duba zai gani, kuma ta ce a tashi da wuri, kar a yi ta jan ƙafa.

Wanda kuma ya sayi motar don sana'ar haya a hannun ɗan kasuwa, maganarsa na iya faɗawa ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 ke aiki da ita. Fitar da Nijar ta yi daga CEDEAO a watan Janairun 2025 bai taɓa wannan ba. Dokar, yadda aka sabunta ta a Lome a watan Disamban 2010, ta yanke wa'adi ƙarara. Aibin da ake iya gani ranar karɓar kaya, wata ɗaya ke gare ka ka sanar da mai sayarwa, in ya wuce haƙƙi ya faɗi. Ɓoyayyen aibi kuwa shekara ɗaya ce daga ranar da aka gano shi, ko ranar da ya kamata a ce an gano. Akwai kuma wani abu a cikinta da ya dace da mu ƙwarai: ciniki tsakanin ƴan kasuwa yana ƙulluwa ko a rubuce ko da baki, kuma ana iya kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta waya. Wato muryar nan da ya aiko ta WhatsApp yana cewa "buwat ɗin lafiya lau, ni na tsaya maka wata uku" ba abin gogewa ba ce don waya ta cika. A ajiye ta, a tura wa mutum biyu su ma su ajiye.

Dattawanmu za su ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma sun yi gaskiya. Tun zamanin da alƙalan Damagaram ke hukunci da fiƙihun Malikiyya an san mayar da kaya saboda aibi. Wanda ya sayi doki ko raƙumi ya tarar da tsohon ciwon da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa, kuma wanda ya san aibi ya rufe, babu wata kalma da za ta kuɓutar da shi. Malaman sun ma warware wata tambaya da ke tasowa yau a tasha: in an mayar da mota, kuɗin hayar da ta kawo a watannin nan na wa ne? Na mai saye ne, don da ta ƙone a hannunsa a wannan lokacin shi ke da hasara. Saboda haka mai sayarwar da ya ce sai an cire masa abin da motar ta samu kafin ya karɓe ta, bai da madogara a nan.

To in doka da fiƙihu duk suna bayan mai saye, me ya sa yake faɗuwa? Saboda kalma ɗaya: tsohon aibi. Dole a nuna cewa ciwon yana jikin buwat ɗin tun ranar ciniki. Kuma tsufa kaɗai ba aibi ba ne. Wanda ya sayi motar shekara 20 ya san ba budurwa ya aura ba.

A nan sai mu yi wa masu sayarwa adalci, don ba kullum suke ƙarya ba. Hiyas ɗin da kamfani ya yi wa kujeru 15 ko ƙasa da haka, mu nan 19 muke ƙirgawa, ban da yara a cinya, ban da buhunan gero da albasa da awaki a sama. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40. In damina ta sauka kuma mota ta kafe a yashi ko taɓo, direba ya yi ta gaba da baya yana taka wuta har wari ya tashi. Buwat otomatik, irin na Sienna, babu abin da ke kashe shi kamar zafi, kuma minti goma na irin wannan kokawa na iya cinye abin da shekara ba ta ci ba. Ga batun mai. Kowane buwat otomatik na da irin man da aka yi masa, a Toyota ma akwai T-IV akwai WS, ba a haɗa su. Amma nawa ne ke tsayawa karanta jarka? Jan mai ne, a zuba. Sannan ga jan mota da igiya. Famfon da ke zagaya mai a buwat otomatik inji ne ke juya shi, in inji na kashe ana jan mota tayoyi na juyawa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. Motar da ta tsaya da ƙaramin ciwo a hanyar Magarya, kafin a jawo ta cikin gari an ƙarasa ta. Irin su Sienna sai an ɗaga tayoyin gaba ko a ɗora ta a kan wata motar.

Su ma masu sayarwar akwai abin da muka san wasunsu na yi. Ana mayar da kwantar baya, motar da ta ci kilomita 400,000 ta wayi gari da rabin haka. Ana zuba mai mai kauri don ya danne kukan buwat na ƴan kwanaki. Ana tada mota ta yi zafi kafin mai saye ya iso, don yawancin ciwon buwat da sanyin safiya yake bayyana. Ana sa na'ura a goge alamar kuskuren da ke kwamfutar mota, wutar gargaɗi ta mutu, sai an yi tafiya mai nisa ta dawo.

Abin da ya kamata mu gane shi ne buwat yana ba da shaida, in an bar shi ya yi magana. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, da garin ƙarfe da ya taru a jikin maganaɗisun da ke ƙasan kaskon mai, suna nuna ciwon ya daɗe. In man ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwan radiyata ne ya shiga. In aka ga sabon gam a bakin kasko da kusoshi masu tabon sifana, an taɓa buɗe shi kafin a sayar. Haƙorin giya da ya karye fari tas kuwa, babu tsatsa babu lashewa, ya fi kama da ƙarfin jiya. Makaniki mai gaskiya na karanta waɗannan kamar yadda mahauci ke karanta hanta. Amma duk wannan shaida tana mutuwa ne a sa'a ɗaya: an zubar da man a ƙasa, an wanke kayan ciki da fetur, an watsa su a buhu tare da na wata motar. In mai sayarwa ya zo ya ce "wannan ba buwat ɗina ba ne," wa zai ƙaryata shi?

Shi ya sa muke cewa ranar da mota ta fara ciwo ta fi ranar kotu muhimmanci. Giya ta fara zamewa, a tsaya, kar a ce bari a ƙarasa wannan lodin. A ɗauki hoton kwantar da lambar shasi. A sanar da mai sayarwa a ranar, ta hanyar da za ta bar sawu, saƙo ko murya, a ce masa ya zo ko ya turo makanikinsa a buɗe a gabansa. In ya ƙi zuwa, ƙin ma hujja ce. A ɗebi man a kwalba a rufe. In kuɗin da ake magana a kai na da yawa, akwai husiye a Damagaram, aikinsa ke nan ya zo ya gani da idonsa ya rubuta, kuma takardarsa na da nauyi a gaban alƙali. Kotu ma na iya naɗa masani ya duba kafin a taɓa komai. Mun san abin da direba zai ce: kowace rana mota na kwance, tukunya ba ta hau wuta ba. Gaskiya ne. Amma kwana uku na haƙuri ne ake auna su da kuɗin buwat ɗungurum.

Maganar "tunda kun buɗe garanti ya faɗi" kuwa, a raba ta biyu. In mai sayarwa ya gindaya wannan sharaɗi tun ranar ciniki, to garantinsa na baki ya faɗi ɗin. Amma haƙƙin ɓoyayyen aibi ba shi ya ba da shi ba, balle ya karɓe. Abin da buɗewa ke yi shi ne raunana hujja. A Amurka tun 1975 doka ta hana kamfani soke garanti don kawai ka kai motarka wurin makanikin unguwa, sai in aikin makanikin ne ya jawo ɓarnar. Hankali ma abin da zai ba da ke nan.

Akwai wani rami da na waje suka fi faɗawa, wato suna. Kuɗi na wa ne, fakitir da sunan wa, kart giriz da sunan wa? Sau da yawa mai kuɗi na Tamanrasset, wanda ya yi ciniki kawu ne, mai ja ƙane ne, kart giriz kuwa har yanzu da sunan wani mutumin Yamai da ba wanda ya taɓa gani. Wanda ya karɓi kuɗin ma in an matsa sai ya ce shi dillali ne, la'ada kawai ya ci, mai motar na Kwatano. A kasuwar dabbobi mun san dillali shi ke tsayawa in saniya ta zama ta sata, don gobe ma nan za a same shi. A kasuwar mota wannan al'ada ta yi sako-sako. Tun ranar ciniki a tambaya a gaban shaidu: kai ne mai ita ko wakili? In wakili ne, wa za mu kama? Kuma rasit ɗin aiko kuɗi a adana shi, shi ne ke haɗa mai gumi da motarsa.

Halin da iyakoki suka shiga ya ƙara dagula lissafin. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano yawancin motocinmu ke shigowa, su haura gadar Gaya. Bayan 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru, kayan gyara na jinkiri. A ɗaya gefen kuma darajar naira ta zube tun tsakiyar 2023, sai Kano, da ke kamar kilomita 240 daga Damagaram, ta zama da araha ga mai sefa a aljihu. Mutane da yawa can suke nufa neman mota, ko neman buwat ɗin Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa. Babu laifi, amma a san abin da aka saya. Najeriya ba ta cikin OHADA. In rigima ta tashi, can za a bi ta, ko a ƙungiyar ƴan kasuwar, ko a hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, ko ta tarayya da ake kira FCCPC. Garantin buwat ɗin okaziyo kuma na gwaji ne, ƴan kwanaki, kuma sukan shafa fenti a kan kusoshi don su gane in an kwance. Wanda ya sayo ranar Litinin, ya kwana biyu a hanya da duwan, makaniki ya ce sai bayan Juma'a, kafin a ɗaura a gwada wa'adi ya cika. Wasu direbobi sun gane wannan, motar suke kaiwa can a ɗaura a gwada a gaban mai shago, ko kuma su nemi a fara ƙirga kwanakin daga ranar ɗaurawa.

In magana ta ƙi ƙarewa tsakanin mutum biyu, ina za a dosa? Abin da jama'a suka saba shi ne a ruga jandarma ko kwamisariya. Mu dai ba mu ga hikimar farawa da nan ba. Rigimar garanti ta ciniki ce, ba ta zama laifi sai in akwai yaudara da gangan, kamar takardun jabu ko taɓa lambar shasi. Tsare mutum kwana biyu na iya huce zuciya, amma daga ranar ya daina ɗaukar waya, sulhu ya yi nisa. Sandikar direbobi da shugabannin masu sayar da motoci sun fi kowa sanin wane ne wane, kuma ɗan kasuwa ya fi tsoron sunansa ya ɓaci a tasha a kan sammaci. Sarakunan gargajiya ma doka ta ba su ikon sasanta mutane, su rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, kuma wannan takarda ana tafiya da ita gaba. In duk ya gagara, kotuna na nan a Mirya da Damagaram. Yawancin sulhun da ke riƙewa dai rabawa ne: mai sayarwa ya kawo wani buwat, mai mota ya biya hannun makaniki da mai. Wanda ya zo da kwalbar baƙin mai da muryar WhatsApp, rabon da zai samu ya fi na wanda ya zo da rantsuwa kaɗai.

Ga na waje, akwai aikin da ku kaɗai za ku iya yi daga inda kuke. Kafin ku aiko da kuɗi, ku ce a turo muku hoton lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya duba tarihinta a intanet: kilomita nawa aka rubuta mata a can, ta taɓa haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Ku ce a gwada ta da sassafe tun ba a tada ta ba, a ɗora mata mutane a hau hanya da ita, a kai ta wurin mai na'urar duba kwamfuta wanda ba abokin mai sayarwa ba. Kuma kar ku aiko da kuɗin mota cif-cif. Motar haya da ba ta da kuɗin buwat ɗaya a ajiye, ranar da ta kwanta ƙanenku ne zai shiga bashi, ku kuma ku shiga zargi.

Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015, amma a wurin sayar da motoci ba mu ga ta sauko ƙasa ba. A Amurka tun 1985 wajibi ne dillalin tsofaffin motoci ya manna takarda a gilashin kowace mota da ke faɗin ko da garanti ko babu, in akwai a kan me, na tsawon wane lokaci. Wannan ba ya buƙatar jiran Yamai. Sandikar direbobi ta Damagaram da masu sayar da motoci na iya zama su amince da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, har da ajami ga wanda ya fi ganewa: sunan mai mota na gaskiya, lambar shasi, abin da kwantar ta nuna, garanti kwana kaza a kan inji da buwat ko kuma babu garanti sam, wa za a kira kafin a buɗe, sai shaidu biyu. Mai sayarwar da ya rubuta "babu garanti" bai cuci kowa ba, sai dai a rage kuɗi a kan haka. Wanda ya dafa ƙirji kuma aka miƙa masa biro ya ce ai tsakaninmu ba sai da takarda ba, a bar masa motarsa a duba ta gaba.